Iyakar Baƙo Zaure

Ɗakin Inna Rahmatu ya faɗi ne a ruwan bankwana na damina, a shekarar da gwamnatin soja ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, kamar dai mutanen Tudun Kanya sun taɓa mallakar aljihun da bakinsa ya saki. Gara ta daɗe tana cin azara a ɓoye, ruwa ya zo ya ƙarasa mata aiki. Allah ya taimaka tsohuwar tana madafi tana ɓarar gyaɗa lokacin da rufin soron ya rufta. Bango ɗaya ya bi shi, ya kuma ja wani yanki na katangar baya, har mai wucewa ta hanyar rafi yana iya hango tukwanen gidan.

Uwaisu, babban ɗanta kuma mai gidan, bai bar abin ya daɗe a haka ba. Shi da taubashinsa Ɗan'azumi suka kwaɓa ƙasa suka toshe katangar, domin gida ba ya zama a buɗe. Ɗakin kuwa aka ce a bari a gama girbi tukuna, sannan a kira gayya.

Gidan ba babba ba ne. Zaure ne a gaba, sai ɗakin Ummuhani matar Uwaisu da 'ya'yanta, sai wanda ya faɗi, sai rumfar kara inda ake girki. Ummuhani ta share gefe guda a ɗakinta ta ce Inna ta dawo nan. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin uwar da ta kwana a ɗakin auren ɗanta ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Ta sa aka tono gadonta na ƙarfe da akwatinta daga cikin ɓaraguzai, aka kai rumfa, aka kewaye da zana. Nan ta tare, kusa da murhu.

Uwaisu yana da ƙane, Sa'idu, wanda ke Makarfi yana sarin mazarƙwaila da hatsi, har ya gina ɗan gida na bulo mai rufin kwano a bayan kasuwa. Da labari ya kai masa ya zo, ya ga inda uwarsu take kwana, ya ce ta haɗa kayanta. Inna ta ce babu inda za ta. A gidan nan aka kawo ta tana amarya, a nan mijinta ya cika, kuma a ɗakinta take so a yi mata wanka ranar da tata ta zo. Sa'idu bai yi musu da ita ba. Ya jira sai da suka fito zaure shi da wansa.

"Yaya, rani dai na yarda, rumfa ta ishe ta," in ji shi. "Amma ranar da hadarin farko ya taso, in Inna ba ta da rufi, zan zo da mota. Ranar ko kuka take yi zan ɗauke ta."

Uwaisu ya ce kafin nan ɗaki ya tashi har ya bushe. Sa'idu ya ce shi zai sayi azara. Uwaisu ya ce zai aika masa idan lokaci ya yi. Maganar ta tsaya masa a rai har bayan tafiyar ƙanen nasa. Yaron da ya goya a bayansa zuwa gona, yau shi ne yake yanka masa wa'adi a zauren ubansu.

Ana cikin sussukar dawa sai mai unguwa Gambo ya sa aka tara magidanta a gindin kanya. Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ya zo a babur, sunansa Ilisha, mutumin kudancin jiha da ya daɗe a sashen ayyuka har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari tsabta. Ya ce gwamnati ta ware tallafi don garuruwan da ruwa ya yi wa ɓarna, kuma Tudun Kanya na ciki. Ba kuɗi za a ba kowa a hannu ba. Kwano ne da katako da ƙusa, sai siminti don abin da gari ya ga ya fi matsa masa. Nan take aka kaure da musu. Masu shanun noma suka ce a yi kwalbati a mashigar gari, inda amalanke ke maƙalewa kowace damina. Waɗanda ɗakunansu suka zube suka ce mutum ba ya kwana a cikin kwalbati. Daga ƙarshe aka raba abin gida biyu, wanda ke nufin kwanon da zai zo ba zai isa kowa ba.

Sannan Ilisha ya faɗi sharaɗin. Kantoma, wanda soja suka naɗa ya riƙe ƙaramar hukumar, ya rantse ba za a maimaita abin da aka yi zamanin farar hula ba, lokacin da masu benaye suka karɓi kwanon talakawa suka kai kasuwa. Wannan karon kwamiti zai zo gida gida, sai abin da ido ya gani. Wanda ya gyara ɗakinsa kafin a zo, ya nuna yana da hali ke nan, babu shi a rabo.

Uwaisu ya koma gida yana tafe yana hango abin. Rufin kwano a kan ɗakin Inna, yana walƙiya tun daga hanyar Saulawa. A duk zuriyarsu babu wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin kwano sai Sa'idu. Zai zo ya gani da idonsa, ya kuma koma Makarfi da azararsa.

Ɗan'azumi shi ne sarkin gayya na garin. Kowace shekara in an gama kai amfani rumbu, shi ke tsara gidajen da za a bi, kuma saboda tsohuwa ce a waje, ya sa gidan Uwaisu a farko. Uwaisu ya same shi a masallaci ya ce a ɗaga masa ƙafa. Ɗan'azumi ya ɗauka irin wasansu ne na taubasai, domin tun suna yara ba sa gaya wa juna magana madaidaiciya. Ranar da aka sa, da hantsi, sai ga shi a ƙofar gida da matasa da fartanya da kwanduna, har da mai kalangu. Uwaisu ya fito ya tsaya a bakin zaure, ya yi musu sannu da zuwa, ya yi godiya mai tsawo, sannan ya ce ba za a taɓa ɗakin ba.

Mai kalangu ya sauke hannu. Ɗan'azumi ya ja shi gefe.

"Kai bawana, da gaske kake? Ƙasa na nan, ruwa na nan, ga hannuwa har ƙofar gida. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

"Na ji. Amma in kun ɗora min ƙasa yau, gobe gara ta dawo. Kwano ba ta cinsa."

"Gara ba ta cin kwano, gaskiya ne. Masu takalmin fata ke cinsa tun bai iso ba."

Uwaisu ya yi dariya don kada a ce bai yi ba. Gayyar ta juya ta nufi gida na gaba. Kowa a garin ya san gayyar da aka mayar daga ƙofa ba ta dawowa a wannan shekarar, ba don fushi ba, sai don layi ne kuma akwai masu jira. Amma fushin ma an ɗan yi shi. Matan da suka tashi da asuba suka yi dakan furar 'yan aiki ba su manta da wuri ba.

Inna ta ji labarin mayar da gayyar. Dama ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye sai ta bakin wani. Da yamma yana alwala a tsakar gida ya ji tana gaya wa Ummuhani cewa ita a zamaninsu kwaɗayi ake kira mabuɗin wahala, amma ta ji yanzu an sake masa suna, ana ce masa tallafi.

Daga nan sai jira. An ce kwamiti zai zo bayan an gama da ƙauyukan yamma. An gama da su, aka ce babu man fetur. Man ya samu, aka ce an sauya kantoma, sabon kuma yana so ya fara fahimtar aiki. Uwaisu ya hau keke ya je hedikwata ya fi a ƙirga. Kullum ya samu Ilisha a wani ɗan ofis mai fanka marar motsi, kullum Ilisha ya miƙe ya ba shi kujera, ya tambayi lafiyar tsohuwa, ya ce shi ma jira yake yi. Bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma wannan ya fi ƙaryar wahala, domin da ƙarya ce da tuni Uwaisu ya gane ya haƙura. Kwanon yana nan. Ilisha ya taɓa kai shi bayan ofis ya leƙa ta tagar sito, ya gan shi a jibge, bandir kan bandir, sabo fil. Tun daga ranar babu wanda ya isa ya ce masa jiran gawon shanu yake yi.

Ya zama mai gadin kango. Ummuhani ta ɗauki karyayyar azara za ta sa a murhu, ya hana ta, ya ce shaida ce. Yara suka kwashi ɓaraguzai suna ginin wasa, ya sa suka mayar. Akuya ta mai da wurin makwancinta, ya ƙyale ta, don ya ga hakan ya ƙara wa wurin muni. Mutumin da bai taɓa barin ciyawa ta yi kwana uku a gonarsa ba, yanzu yana tashi da safe ya duba ko rushewar tana nan yadda ya bar ta.

Lokacin sanyi ya zo ya samu Inna a rumfa. Tari ya kama ta, ya sake ta, ya sake kama ta. Ummuhani ta ƙara zana, ta riƙa barin garwashi a kasko. Sa'idu ya aiko da bargo da kwalbar magani, bai aiko da magana ba. A sauran gidaje ɗakuna suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kalangu yana zagaya gari, kullum yana ƙara nisa daga ƙofar Uwaisu. Wasu da suka fara jira tare da shi suka gaji suka kira gayya. Shi ya ga cewa wanda ya riga ya jira rabin rani, in ya gyara yanzu ya yi asarar jiran, in kuma bai gyara ba ga Sa'idu da motarsa. Gaba kura, baya siyaki. Sai ya zaɓi tsayawa inda yake, domin tsayuwa ba ta bukatar ya gaya wa kowa cewa ya yi kuskure.

Ginin ƙasa da ruwan kududdufi ake yinsa, kududdufin kuwa yana da nasa lokacin. Da bazara ta shigo ya janye ya koma tsakiya, ya zama ɗan taɓo kore da kwaɗi ke fama a ciki. Rijiyoyi suka yi ƙasa, mata na kwana biyu ba su yi wanki ba. Magidanta suka fara sharar gona. Da yamma akan ga gabas ta yi nauyi, sannan ta washe.

A irin wannan lokacin ne mai unguwa ya aiko cewa kwamiti na tafe a mako mai zuwa, har da wakilin soja.

Uwaisu ya fito ya tsaya a waje ya dubi zaurensa kamar bai taɓa ganinsa ba. Yaɓe ya ɓaɓɓake, zanzaro ya yi gidaje a kusurwa, tsaga ta sauko daga indararo har ƙasa, daɓen ya farfashe. A nan za a sauke manyan baƙi, mutanen gwamnati, a gaban mai unguwa da duk wanda ya biyo su kallo. Ubansa yakan ce ciki na mai gida ne, zaure na duniya ne. An hana shi taɓa ɗaki, amma babu wanda ya ce kada ya taɓa zaure.

Ya ɗauki garwa ya nufi kududdufi. Ya kwaso ragowar ruwan da ya saura, ya kwaɓa ƙasa shi kaɗai, ya cike tsagar, ya yi sabon yaɓe ciki da waje. Ya jiƙa makuba ya shafe rufin. Ummuhani da maƙwabta suka yi masa daɓe. Ya sayar da zakara ya sayo farar ƙasa, ya shafe zauren har ya riƙa ɗaukar ido. Ɗan'azumi ya biyo ta nan da gatari a kafaɗa, ya tsaya ya ƙare wa aikin kallo, ya tambaye shi ko amarya zai kawo bai gaya wa dangi ba. Uwaisu ya ce baƙi zai yi. Ɗan'azumi ya ce da wannan ruwan da wannan ƙarfin da an kai bangon Inna rabi. Ya wuce bai jira amsa ba.

Duk tsawon watannin nan mutanen gari suna ta cewa za a zo a gani, za a zo a gani. Babu wanda ya taɓa tambayar ta ina idon zai bi ya shiga.

Kwamitin ya iso bayan azahar a wata tsohuwar Landiroba. Ilisha ne, da wani ƙaramin hafsan soja ɗan kudu wanda ba ya jin Hausa, da mai unguwa a kujerar baya yana riƙe da hularsa. Sun riga sun bi gidaje da dama, hafsan ya jiƙe da gumi. Uwaisu ya tarbe su da sabuwar rigarsa ta salla. Ya riga ya shimfiɗa tabarmi, ya aro benci daga makarantar gari, aka fito da fura mai sanyi a sabuwar ƙwarya. Mai unguwa ya fara gaisuwa, aka tambayi gida da iyali da zafi da gajiya. Uwaisu ya amsa kowace da lafiya lau da godiyar Allah, yadda aka koya masa tun yana yaro. Hafsan yana ta duban farin bango da sabon daɓe.

Ilisha ya tambayi ina ɗakin da ya faɗi. Uwaisu ya nuna da hannu ya ce yana ciki.

Hafsan ya fahimci nunin hannun, ya miƙe ya nufi ƙofar ciki da takalminsa. Shi bai san wani ba-shiga ba. Ilisha ya yi wuf ya sha gabansa, ya yi masa bayani da Turanci a hankali, cewa a ƙasar nan iyakar baƙo zaure, namiji ba ya wucewa sai mai gida ya shiga ya shirya iyalinsa ya kuma ce a shigo. Uwaisu ya ji wani sanyi a ransa, har ya gode wa Ilisha a zuciyarsa da ya rufa masa asiri. Hafsan ya dubi agogo ya koma ya zauna. Uwaisu ya ce a ba shi ɗan lokaci.

Ya samu Inna zaune a bakin gadonta. Hanyar zuwa kangon ta gaban rumfar take bi, babu wata. Duk abin da tsohuwar ta mallaka yana nan a fili, tsummokaranta a rataye a jikin zana, tasoshinta, kaskon garwashi, da ɗan kwanon da take tofa yawu in tari ya taso. Ta riga ta ji komai, domin zaure ba shi da nisa. Uwaisu ya durƙusa ya ce mutanen gwamnati ne, kallo ɗaya za su yi su fita, in ta yarda ta ɗan shiga ɗakin Ummuhani.

Inna ta juya wajen surukarta.

"Ce masa, tun ranar da aka kawo ni gidan nan baƙon namiji bai taɓa wuce zaure ba. Ko ranar da ubansa ya rasu, a can aka tsayar da masu gaisuwa. In na ɓoye kaina, gadon nan fa? Ai shi suka zo gani. Su ga inda ya ajiye uwarsa tsawon rani, su koma su ba da labari a bariki." Ta yi tari, ta goge baki. "Amma gidansa ne. In ya ga ya dace, ya shigo da su."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci zana.

Da ta hana shi ne, da ya samu abin da zai yi jayayya da shi. Ba ta hana ba. Ya tsaya a tsakar gida, tsakanin rumfa da kango, rana na dukansa. Ummuhani ta dube shi ta kau da kai. Ya dubi karyayyar azarar da ya yi wata da watanni yana gadi, ya dubi bayan tsohuwar, ƙashin kafaɗarta ya fito ta cikin mayafi. Ya yi ƙoƙari ya hango sojan nan da takalminsa a wannan wurin, da mai unguwa a bayansa yana sunkuyar da kai, da 'yan kallo suna leƙe ta ƙofa. A waje direba ya danna ham.

Ko da ya fito ya same su a tsaye. Ilisha ya dube shi yana jira. Ba zai tambaya ba, ya san kalmar daga bakin mai gida take fitowa. Uwaisu ya buɗe baki da niyyar cewa su shigo.

"Tsohuwa ce a ciki," in ji shi.

"Na gane, Malam," in ji Ilisha.

Ya juya ya yi wa hafsan doguwar magana, yana nuna mai unguwa, alamar ga shaida nan da ya san gidan. Mai unguwa ya gyaɗa kai da ƙarfi. Hafsan ya amsa a gajarce, ya ƙwanƙwasa farin bangon da sandarsa, ya fita. Uwaisu ya tambayi me ya ce. Ilisha ya so ya kauce, sannan ya faɗa. Hafsan ya ce umarni aka ba shi, sai abin da ido ya gani. Kuma abin da idonsa ya gani shi ne mutumin da ya iya shafa wa zaure farar ƙasa a wannan zamanin, wanda ke nufin zai iya rufa wa kansa ɗaki.

A bakin mota Ilisha ya rage murya ya ce ana maganar kashi na biyu bayan damina. Ba zai yi masa alkawari ba. Amma in da shi ne, da ba zai taɓa ɗakin ba tukuna. Furar tana nan a ƙwarya, babu wanda ya sha.

Kwanon ya zo bayan 'yan kwanaki a babbar mota. Mafi yawansa gidan Tukur aka sauke, wani malalaci da katangarsa ta zube tun bara bai ɗaga ba, wanda kwamiti ya ga har cikin tukunyarsa daga kan hanya ba tare da sallama ba. Sauran ya tafi ga irinsa. A Tudun Kanya tallafi ya samu waɗanda asirinsu ya riga ya tonu. Aka kuma yi kwalbatin, ya yi kyau.

Uwaisu ya je gidan Ɗan'azumi. Bai yi wasa ba, Ɗan'azumi ma bai yi ba. Ɗan'azumi ya ce ko da za a tara matasa, da wane ruwa za a kwaɓa ƙasa, kuma bangon da aka ɗaga yanzu yaushe zai bushe? Ciyawar jinka an ƙone daji da ita tuni. Kowa ya fitar da irinsa yana kallon gabas.

Sai Uwaisu ya dawo gida da shawara ta ƙarshe. Zauren yana da rufi mai kyau, ya sha makuba, ba ya yoyo. Zai toshe ƙofar waje da tubalin kangon, ya fasa wata 'yar ƙofa a katanga don shiga da fita, zauren ya zama ɗakin Inna. Shi ya yarda ya zama magidancin da ba shi da wurin sauke baƙo. Ya faɗa wa Ummuhani a gaban tsohuwar. Inna ta saurara har ƙarshe. Ta ce a gaya masa zaure wurin maza ne da matafiya da wanda dare ya yi wa, ko an toshe ƙofa sunansa zaure, duk garin kuma sun san haka. Ba za a ce Rahmatu ta ƙare a bakin hanya ba.

Hadarin farko ya taso ranar wata Alhamis da la'asar, da iska mai ƙarfi wadda ta ɗage zanar rumfa ta jefa ta cikin kango. Ruwan bai yi yawa ba, amma ya jiƙa bargon da katifar. Washegari da hantsi akori-kurar Sa'idu ta tsaya a ƙofar gida.

Babu wanda ya ɗaga murya. Sa'idu ya durƙusa ya gaida wansa yadda ya kamata, bai ambaci azara ba, bai ambaci wa'adi ba. Su biyu suka kama gadon ƙarfen suka fito da shi, sai da suka karkata shi kafin ya wuce ƙofa. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure ƙullinta da kanta, ta ba Ummuhani kajinta amana, ta tsaya ta dubi inda ɗakinta yake na ɗan lokaci. Sannan ta dogara sandarta ta bi ta zauren, wanda ba ta taɓa gani ba tun da aka gyara shi. Ta dafa bangon don ta huta, farar ƙasa ta kama tafin hannunta. Ta duba hannun.

"Ce masa ya yi kyau," ta ce wa Ummuhani.

Aka ɗaga ta aka sa a gaban mota. Uwaisu ya bi su da ƙafa har kan sabon kwalbatin, inda motar ta wuce sumul ta kama hanyar Makarfi.

Da ya dawo ya samu Ɗan'azumi a ƙofar gidan da fartanya a kafaɗa, zai tafi shuka. Ya ce ya ga fitarsu. Ya ce in Allah ya kai rai, da an gama girbi gayyar farko a nan za ta sauka, shi zai tsaya a kai, kuma kafin sanyi ya kama za a je a dawo da gwaggonsa Inna ɗakinta. Abin da ake bukata kawai mai gida ya ce to.

Uwaisu ya dubi ƙasa. Ruwan jiya ya jiƙa ta daidai shuka.

"Sun ce akwai kashi na biyu," in ji shi.

Ɗan'azumi ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya gyara fartanyarsa ya kama hanyar gona.